Delmar Mai Gwanjo da Ƙuri'ar Laburare

A garinmu Brenholt na jihar Iowa, in ka ji murya tana tashi tun daga bakin gada har gidan mai, kada ka firgita, Delmar Hoekstra ne yake gaisawa da wani. Sana'arsa gwanjo. Shanu, tsofaffin taraktoci, kayan ɗakin mamata, duk abin da za a buga wa guduma yana sayarwa. Bakin nan shi ne jarinsa, kuma bai taɓa barinsa ya huta ba. A faɗarsa, ya taɓa sayar wa wani mutumin Nebraska saniya guda har sau biyu a yini ɗaya, mutumin kuma ya dawo ya yi godiya. Har yau babu wanda ya ga mutumin, balle saniyar.

Matarsa Marlys ita ke kula da laburaren gari, wanda gidan tarihi ke manne a bayansa, rufinsu ɗaya. Rufin nan ya tsufa ya gaji. Ko yayyafi aka yi sai an jera bokitai tsakanin kantocin littattafai, silin duk ya yi dabbare-dabbare, wurin yana warin jiƙaƙƙen tsumma. Sufeton gine-gine ya zo ya duba ya ce magana ɗaya ce, ko a sake rufi kafin dusar ƙanƙara ta sauka, ko ya garƙame ƙofar a kwashe littattafan a kai babban gari, Marlys ta koma gida ta zauna. Majalisar gari ba ta da kuɗi, sai dai ta ci bashi a riƙa biya daga harajin gidaje. Bashin kuma ba ya ciwuwa sai mutanen gari sun kaɗa ƙuri'a, shida cikin goma sun ce e.

"Delmar, abu ɗaya nake roƙonka," Marlys ta ce da shi suna karin kumallo. "Don Allah kada ka taimake ni."

"Kamar yaya?"

"Kamar yadda ka ji. Zaɓe ne da babu ɗan takara, ba kowa ya san da shi ba. Iyayen yara za su zo, malaman makaranta za su zo, matan coci za su zo. Masu ƙorafin haraji kuwa a bar su su yi ta barcinsu. Kuma a cikin laburaren za a yi zaɓen. Duk wanda ya tsallake bokitan nan kafin ya kai akwati, ba sai an yi masa wa'azi ba."

Delmar ya aje cokali ya dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai san duniya ba.

"Wato a yi zaɓe a garin da nake numfashi, a yi shi a ɓoye kamar an saci kaza? Marlys, ke littafi kika sani, ni mutane na sani. Shida cikin goma ɗin me? Goma cikin goma zan kawo miki, har da gyara."

"Delmar."

"Za ki gode mini daga baya."

Kafin ta gama wanke kofuna ya ɗaura lasifikar gwanjo a kan a-kori-kurarsa ya hau babban titi. To mu nan ba a wuce mutum a mota ba a ɗaga masa yatsa ɗaya daga kan sitiyari ba, ko da maƙiyinka ne. Ɗan gwanjo kuma da ya riƙe makirfo, in ya ga yatsa a sama, bakinsa ba ya jiran shawarar kansa.

"Dala miliyan biyu kacal, jama'a, don laburare da gidan tarihi! Miliyan biyu, miliyan biyu, wa zai ce e... na gode Fasto, biyu da rabi! Biyu da rabi, ina uku, ga mai kai wasiƙu can, uku!"

Ya tashi ma'aikatan kamfanin ƙwai da suka kwana aiki suna barcin safe. Ya ratsa ta gefen maƙabarta ana tsakiyar binne wata tsohuwa, dangi suka ɗaga hannu suna masa alamar ya yi shiru, ya ƙara miliyan biyu a kansu. Kafin ya iso shagon gahawa bashin ya kai miliyan tara, har ya sa wa laburaren wurin ninƙaya a ciki.

A shagon nan akwai teburin tsofaffi, wanda ke buɗe zama da ƙorafin haraji ya rufe da ƙorafin gwiwa. Shugabansu Orval Brandt, tsohon mai shagon ƙusoshi, mai gidajen haya a gari, mutumin da ke kashe mota a gangara don kada mai ya ƙone. Ya fito da kofi a hannu yana huci.

"Kai Delmar, kashe mana wannan abin! Miliyan tara ta uban wa?"

"Wa ya ce tara?"

"Kai ka ce, da bakinka, da lasifika. Har kurame sun ji."

Mai hankali da sai ya ce kuskure ne. Delmar kuwa tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa rage farashi ba.

"To in na ce tara, ai ka san abin ya kai tara. Ilimi ne fa, dattijo, ba ƙusa ba."

"Wane zaɓe ne ma wannan? Yaushe?"

"Talata mai zuwa, a laburare. Ka gani? Ba don ni ba da ba ka sani ba."

"Gaskiyarka," in ji Orval, ya ciro biro ya rubuta a bayan hannunsa. "Ba don kai ba da ban sani ba."

Da yamma tsofaffin teburin nan sun raba unguwanni a tsakaninsu, kowa da wayar da zai buga. Delmar ya koma gida yana fito, ya gaya wa Marlys gari ya ɗauka. Ta ce ai ta ji, tun safe wayar laburare ba ta huta ba, kowa yana tambayar zurfin wurin ninƙayar.

Sai ya shiga zancen alluna. Ya sa aka buga masa tuli masu cewa a zaɓi e, ya fita da sassafe yana kafawa a ƙofar gidajen mutane ba sallama. A Brenholt kana iya zagin mutum ya yafe maka, amma ka huda masa ciyawar ƙofar gida, wadda yake aske wa kai duk Asabar yana auna ta da ido, to jikokinku ma za su gaji maganar. A gidan Misis Lindqvist, gwauruwar da ta yi alkawarin kwaso ƙawayenta duka ranar zaɓe, ƙarfen allon ya sami bututun ban-ruwa. Ruwa ya yi tsiri ya wanke mata furannin wardin da take shirin kaiwa gasar furanni.

"Mista Hoekstra," ta ce daga taga, da abin naɗe gashi a kanta, "ni da ƙawayena muna nan zuwa ranar Talata. Ka sa ido."

"Yawwa, Misis! Haka nake son ji!"

Ranar Asabar aka yi bikin masara, ranar da ake dafa masara a manyan tukwane a shafe ta da man shanu, a yi jerin gwano daga makaranta zuwa dandali. Delmar ya lallaɓa mai gadin gidan tarihi ya karɓi makullin ƙofar baya, wai zai ari abu kaɗan. Abu kaɗan ɗin shi ne Janar, ƙaton mataccen ɓaunan da aka cusa wa ciyawa a cikin fata tun zamanin kakanninmu, wanda kowane yaron garin ya taɓa shafa wa hanci a ɓoye. Ya ɗora shi a tirela, ya rataya masa allo a wuya, ya shiga layi gaban 'yan badujalar makaranta.

"Ba zai wuce ƙarƙashin gadar jirgi ba," Orval ya ƙwala masa daga kujerarsa a bakin titi.

"Na auna da ido. Idon nan ya auna shanun da suka fi gashin kanka yawa."

"Ai kuwa bai auna da yawa ba," in ji Orval, ya cire hula ya nuna sanƙo.

Jikin Janar ya wuce, kansa ne bai wuce ba. Aka ji ƙarar tsagewar tsohuwar fata, kan ya gangaro ya tsaya a gaban mai babban ganga. Daga wuyan kuma sai ga ɓeraye, iyali guda har da surukai, suna zubowa suna neman mafaka a ƙafafun wandon masu busa. Badujala ta watse. Wata yarinya ta yar da kakakinta ta haye motar kashe gobara, Fasto ya taka masarar wani ya zame.

"A ci bashi a yi wa ɓeraye sabon gida!" wani ya yi ihu, titi ya ɗauki dariya.

Delmar ya miƙe a kan tirela ya buɗe hannuwa. "Kun ga dai yadda tarihinmu yake da rai!"

Ranar nan Marlys ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya ɗauka yabo ne. Washegari za ta tafi babban gari jinyar ƙanwarta da aka yi wa aiki, sai safiyar zaɓe za ta dawo. Ta tsaya a bakin mota ta riƙe hannunsa, idonta ya ciko.

"Har yanzu da sauran dama, Delmar. Ko Orval, in ya shiga ya ga yadda wurin ya zama, zuciyarsa za ta karaya. Ka mayar da Janar, ka rufe ƙofa, ka zauna a gida. Ka rantse mini ba za ka sake cewa komai a kan zaɓen nan ba."

"Na rantse. Ko uffan."

Ya kuwa cika alkawari, domin abin da ya yi bayan nan ba da baki ya yi shi ba. Da ya mayar da Janar, kai a gefe jiki a gefe, sai ya leƙa cikin laburaren. Rabon da ya shiga tun ana neman aurensu, shi da littafi sai dai in gwanjonsa za a yi. Ya ga bokitai, ya ga silin ya yi baƙi, ya shaƙi warin. Nan take ya tuna cewa tun farkon mako ya buga wa jaridar babban gari waya ya ce su turo mai hoto ranar zaɓe, su ga mutumin da ya tashi gari guda tsaye.

"A ɗauki hotona a wannan jujin? Ni? Haba, matar nan ba ta san talla ba. Wa ya taɓa kai saniya kasuwa da kashi a gindi?"

Ya tuɓe riga ya kama aiki. Ya sayo kwatarniyoyin roba irin waɗanda yara ke wanka a ciki da zafi, masu zanen agwagi, ya hau tsani ya jera su a saman silin, kowace a ƙarƙashin inda ke yoyo. Inda silin ya ɓule ya manna kwali, ya bi duka da farin fenti har shafi biyu. Ya je gidan shirya jana'iza ya aro jan kafet da furannin da suka rage, ya fesa turaren lemo ko'ina. Bokitan kuwa ya loda su a mota ya kai bola. Yana cikin wanke buroshi hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Ya tsaya tsakiyar ɗaki ya ɗaga kai, ko ɗigo babu.

"Miliyan biyu," ya ce da kansa yana girgiza kai. "Abin da na gama da gwangwanin fenti."

Ruwan bai ɗauke ba har ranar Talata. Marlys ta iso ta tarar da layi tun daga matakala har gaban banki, mutanen da rabonsu da zaɓe tun suna da haƙora. Delmar yana tsallaken titi ƙarƙashin lema, inda doka ta yarda mai kamfe ya tsaya, sanye da kwat ɗin da yake zuwa coci, yana ɗaga wa kowa hannu.

"Shiga ki gani, uwargida! Kada ki suma!"

Ta shiga, ta tsaya cak a kan jan kafet. Ta dubi silin fari tas, ta dubi furanni, ta dubi inda bokitai suke da.  Ta nufi teburin Verna Kuhlman, akawun gari, wadda ke kula da zaɓen.

"Verna, ƙarya ce wannan. Fenti ne kawai. Bari in gaya musu."

"Ba a kamfe a nan, Marlys, kin fi ni sani."

"To bari in ɗauko bokiti ɗaya in aje."

"Bokitin da babu ruwan da ke zuba a ciki? Shi ma kamfe ne. Ki yi haƙuri, ƙawata, an riga an buɗe akwati."

Haka ta zauna a bayan teburinta tana ji tana gani. Wata malamar makaranta ta rungume ta ta ce, "Ashe kin sami kuɗin gyara? Kai, na ji daɗi, da ma harajin nan yana damuna." Misis Lindqvist ta shigo da ƙawayenta a jere, kowacce ta murtuke fuska, suka shaƙi turaren lemo suka dubi juna. Can sai ga Orval. Ya cire hula, ya zagaya, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon silin.

"Marlys, 'yata ta dame ni wai ruwa na zuba a kan littattafan yara. Na ce in na gani da idona zan ce e, ko nawa ne, ni ma ai ba dutse ba ne. To ga shi na zo. Kwana nawa ana ruwa, wurin nan ya fi falona bushewa. Ban zaci haka daga gare ki ba."

Marlys ta buɗe baki, Verna ta yi gyaran murya, sai ta rufe shi.

Da aka rufe akwati wajen faɗuwar rana, rabin gari ya cunkushe a ciki don jin sakamako, da yake waje ruwa ake yi. Mai hoton jarida ya zo da kyamara a wuya. Verna ta gyara tabarau ta karanta. Masu cewa e ko rabi ba su kai ba, balle shida cikin goma. Tsofaffin teburin gahawa suka tafa. Marlys ta sunkuyar da kai.

Kowane miji a duniya da sai ya nemi ƙofa. Delmar kujera ya jawo ya hau, ya gyara kwat, ya juya ɓangaren fuskarsa da ya fi so wajen mai hoto.

"Jama'ar Brenholt! A bar zancen wa ya ci wa ya faɗi. Tun da aka kafa garin nan an taɓa fitowa zaɓe kamar yau? Wa ya fito da ku? Kuma ku ɗaga kai ku dubi silin nan. Wa kuke tsammani ya..."

Suka ɗaga kai. Silin ya yi ciki, ya zazzago kamar buhun da aka cika da yawa. Wani farin ɗigo ya sauka a goshin Delmar, ya shafa ya duba.

"Fenti ne bai gama bushewa ba. Ba wani abu..."

Kwatarniyar farko ta faso ta kife a kansa da ruwan kwana biyu a cikinta. Ta biyu ta biyo ta, sauran suka ce ba a bar su a baya ba. Kwali, ruɓaɓɓen katako, tsohuwar audugar rufi, ruwa baƙi ƙirin mai sanyin ƙanƙara, duk suka sauko lokaci guda. Kantar littattafan yara ta kife. Furannin jana'iza suka kama iyo a kan jan kafet. Misis Lindqvist ta ƙwalla ƙara ta rungume Fasto, Verna ta kwanta a kan akwatin zaɓe tana kare shi da jikinta. Delmar yana zaune daɓas a ƙasa, kwatarniyar nan mai zanen agwagi ta rufe shi har kafaɗa, ƙafafu a sama. Mai hoto ya sami abin da ya zo nema, har ya durƙusa don ya fito da kyau.

Da ƙura ta lafa sai aka sake ɗaga kai. Ta ramin da ya buɗe kowa yana hango rufin gaskiya, ruɓaɓɓe, huda ko'ina, ruwa yana zubowa ta ciki a kan fuskokinsu. Orval ya daɗe yana kallo, ruwa na bin sanƙonsa.

"Wannan ne rufin?" ya ce a hankali. "A ƙarƙashin wannan jikokina suke karatu?"

"Shi ne," in ji Marlys.

"To uban wa ya rufe shi?"

Kowa ya juya ya dubi kwatarniyar da ke motsi a ƙasa.

"Verna, ba ni takardata in canza."

"An rufe akwati, Orval."

"To a sake gobe. Ni zan kwaso mutane da motata, man ma ni zan saya."

"Doka ta ce sai bayan wata shida. Sufeto kuma jibi zai zo."

Malamar makarantar nan ta fashe da kuka. Wasu suka fara zamewa suna fita, ba mai iya haɗa ido da Marlys. Ita kuwa ta durƙusa a cikin ruwan tana tsintar littattafan yara ɗaya bayan ɗaya, tana buɗewa, shafukan suna narkewa a hannunta. Baƙin cikin da ke fuskarta ya sa har Orval ya tuɓe kwat ya durƙusa yana taya ta.

Delmar ya ture kwatarniyar ya miƙe, farin fenti yana bin kunnuwansa. Ya dubi jama'a, ya dubi matarsa, kuma da yake Allah bai halicce shi da birki ba, ya gyara murya.

"To ai ga shi yanzu kowa ya gani da idonsa. Da ma dabarar ke nan. Marlys, ki kwantar da hankalinki, ina da wani shiri. Gobe da safe zan ɗauki lasifika..."

Marlys ta miƙe da jiƙaƙƙen littafi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗagawa a ɗakin nan ba.

"Tun ina budurwa nake hana mutane surutu a wurin nan. Na hana yara, na hana Fasto, na hana magajin gari. Mutum ɗaya ne a Brenholt ban taɓa hanawa ba, don ina ganin girman aure, ga shi ya ci mini laburare." Ta ɗora yatsa a leɓenta. "Delmar, yi mana shiru."

Ya buɗe baki, ya dubi mutanen da ke kallonsa, ya rufe. Ba a jin komai sai ruwan da ke zuba a kan littattafai.